Tambayoyi da amsoshi kan kalmar "engagement" ta Ingilishi, domin masu karatu a Damagaram

Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ɗalibin Jami'ar André Salifou, da ma'aikacin ƙungiyar agaji, da ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Damagaram da Kano, duk suna cin karo da takardun Ingilishi, alhali mafi yawansu da Faransanci suka fara karatun boko. Kalmar "engagement" tana cikin waɗanda suka fi yi wa irin wannan mai karatu tarko, domin haruffanta goma iri ɗaya ne a harsunan biyu, amma ma'anonin sun raba hanya a wurare masu muhimmanci.

Daga ina kalmar ta fito, kuma me ya sa ma'anoninta suka yi yawa?

Ingilishi ya aro ta daga Faransanci a ƙarni na 17. Tushenta shi ne "gage", wato jingina, abin da mutum ke ajiyewa a hannun wani domin a tabbatar zai cika alkawari. Wannan tushen ne kuma yake cikin "mortgage", bashin da ake jinginar da gida ko gona a kansa. Daga jinginar da dukiya aka koma jinginar da magana, daga nan aka kai ga jinginar da lokaci da hankali. A cikin ƙarnin da aka aro ta ma aka soma amfani da ita wajen arangamar sojoji, ma'anar alkawarin aure ta kafu a ƙarni na 18, ta alkawarin ganawa kuma a farkon ƙarni na 19.

Abin da ya haɗa su duka shi ne ɗaurewa: mutum ya ɗaure kansa da alkawari, ko an ɗaure lokacinsa, ko hankalinsa ya ɗauru ga wani abu, ko abubuwa biyu sun sarƙe da juna. Wanda ya riƙe wannan zaren ba zai sha wahalar gane sauran ba.

Idan na san ma'anarta a Faransanci, ba zan iya ɗora ta a Ingilishi kai tsaye ba?

A'a, kuma nan ne kuskure ya fi yawa a wurinmu. Ma'anar da ta fi ƙarfi a Faransanci ita ce alkawarin da mutum ya ɗaukar wa kansa da tsayuwarsa a kai. Ingilishi yana da kalma dabam domin wannan, wato "commitment". Matashin da ya rubuta wasiƙar neman aiki ga wata ƙungiya ta ƙasa da ƙasa ya ce "I assure you of my engagement", yana nufin zai yi aiki tuƙuru da amana, ya sa mai karanta wasiƙar tsayawa, domin a kunnen mai jin Ingilishi jimlar ta yi kama da sanarwar baiko ko kuwa maganar da ba a ƙarasa ba. Abin da ya dace ya rubuta shi ne "my commitment". Kuskuren harafinsa kaɗan ne, amma a layin farko na wasiƙa yana nuna cewa marubucin da Faransanci ya yi tunani, kuma abin takaici ne a ture takardar mutum mai ƙwazo saboda abin da za a iya gyarawa cikin minti ɗaya.

Ma'aikatan kuɗi na gwamnati da na ƙananan hukumomi sun san cewa kashe kuɗin gwamnati a tsarin da muka gada daga Faransa yana bin matakai huɗu, kuma na farkonsu, inda hukuma ke ɗaukar nauyin kashe kuɗin, shi ake kira "engagement". A rahoton kuɗi na Ingilishi wannan matakin "commitment" ne. Akanta da ya bar kalmar yadda take a rahoton da zai tura wa mai ba da tallafi ya buɗe ƙofar tambayoyin da ba su da dalili. Haka nan tallan da ke cewa "sans engagement" ba ya zama "without engagement", sai dai "no obligation" ko "no contract". Shiga aikin soja "enlistment" ne, take wasan ƙwallon ƙafa kuma "kick-off".

Akwai inda harsunan suka kusanci juna. Ingilishi yana cewa "civic engagement" da "political engagement" game da shigar ɗan ƙasa cikin al'amuran jama'a da siyasa. Sai dai ko a nan, abin da kalmar ta fi jaddadawa shi ne shiga a dama da mutum, ba rantsuwar tsayawa kan wata aƙida ba. Marubucin da ya sadaukar da alƙalaminsa ga wata gwagwarmaya, irin wanda marubucin Faransa Jean-Paul Sartre ya yi ta kira a samu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a Ingilishi "committed writer" ake ce masa.

Shin gaskiya ne cewa ma'anarta ta yau da kullum ita ce baiko?

Gaskiya ne. Idan aka faɗi kalmar ita kaɗai game da mutum, misali "her engagement", abin da zai fara zuwa zuciyar mai sauraro shi ne alkawarin aure, abin da Faransanci ke kira "fiançailles". Kalmar tana ɗaukar alkawarin kansa da kuma tsawon lokacin da ke tsakaninsa da ɗaurin aure, shi ya sa ake cewa "a long engagement" idan an daɗe ba a ɗaura ba, a ce "break off the engagement" idan an fasa. Saurayin da budurwar kuma da sunayen Faransanci ake kiransu, "fiancé" da "fiancée".

Sai dai fassara ta da baiko tana buƙatar lura, domin al'adun ba ɗaya ba ne. A wurinmu magana ce ta gidaje biyu. Manyan saurayi ne ke zuwa wurin manyan yarinya, a gaisa, a nemi iri, a kai goro da abin da ya sauƙaƙa, a yi addu'a, a shaida wa dangi da maƙwabta cewa an ba wane wance, sannan daga baya a sa rana. A Ingila da Amurka kuwa, abin da aka fi sani a yau shi ne saurayi ya tambayi budurwa su biyu, sau da yawa yana durƙushe a kan gwiwa ɗaya da zobe a hannu, idan ta amsa sun zama "engaged" a nan take, iyaye kuma su ji labari daga baya. Saboda haka Badamagaren da ke yi wa baƙo bayanin baikon ƙanwarsa zai iya amfani da kalmar, amma ya kyautu ya ƙara da cewa iyalai ne suka ƙulla.

Inda al'adun biyu suka haɗu shi ne cewa alkawari ba aure ba ne. A Musulunci baiko ba ya halatta abin da ɗaurin aure kaɗai ke halattawa, wanda ke buƙatar waliyyi da shaidu da sadaki, ko da yake yana da nasa alfarmar, tunda hadisi ya hana mutum nema a kan neman ɗan'uwansa. A Ingila ma, wata doka ta 1970 ta soke damar kai ƙara kotu saboda an karya alkawarin aure.

Masu hulɗa da kudancin Najeriya su kula da wani abu guda. A ƙasar Yarbawa, haka ma a Ghana, ana kiran bikin auren gargajiya da kansa "engagement", wanda ake yi kafin a je coci ko masallaci ko rajista. Katin gayyata daga Ibadan ko Legas mai ɗauke da wannan kalma yana iya nufin babban biki na dangi biyu da anko da kiɗa, ba ɗan taron sanarwa ba.

Dole ne a sa zobe kafin a ce an yi "engagement"?

Ba dole ba ne, ko a wurin masu harshen. Zoben al'ada ce ta Turai, ana sa shi galibi a yatsan da ke kusa da ƙaramin yatsa na hannun hagu. Ana yawan ambaton zoben lu'ulu'un da Maximilian na Ostiriya ya ba Maryamu ta Burgundi a 1477, amma abin da ya mayar da lu'ulu'u kamar wajibi ga talakawan Amurka shi ne tallan De Beers, kamfanin cinikin lu'ulu'u, musamman takensa da aka ƙirƙira a 1947. Ya kamata matasanmu da ke ganin hotunan zobe a Instagram su san cewa babban ɓangaren wannan al'ada daga ofishin masu talla ya fito. Wanda iyayensa suka kai goro aka karɓa ya cika ma'anar kalmar, da zobe ko babu.

Mene ne bambancin "engaged to", "engaged in", "engage with" da "engaged by"?

Ƙaramar kalmar da ke biye ita ce ke yanke ma'ana. "Engaged to" na baiko ne, kuma sunan mutum ke bin ta. "Engaged in" na nufin mutum yana cikin wani aiki ko harka, kamar noma ko fatauci ko tattaunawa. "Engage with" na nufin tunkarar mutum ko batu da gaske, a saurara a mayar da martani. "Engaged by" na nufin wani ya ɗauke ka aiki.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne cewa "she is engaged with Musa" idan ana nufin an yi mata baiko da shi, domin Faransanci da Hausa duka suna jan harshe zuwa "da". A Ingilishi wannan yana iya nufin tana cikin wata magana ko aiki tare da shi ne kawai. "To" ake so.

Wani ya ƙi amsa gayyata ya ce yana da "prior engagement". Me yake nufi?

Yana nufin ya riga ya yi alkawarin zuwa wani wuri a wannan lokacin. Hanya ce ta ladabi ta ba da uzuri ba tare da bayyana dalili ba, kuma ba a bin ta da tambayar ina ne. Daga wannan ma'ana ne aka sami "speaking engagement", gayyatar da aka yi wa mutum ya yi jawabi, da "official engagements", hidimomin da aka tsara wa shugaba ko basarake a jadawalinsa. Ganin likita kuwa "appointment" ne.

A sanarwar neman ma'aikata ina yawan ganin "community engagement". Wayar da kai ne?

Ya fi wayar da kai faɗi, kuma bambancin ne ke raba aikin da zai ɗore da wanda zai mutu da tafiyar mota. Wayar da kai magana ce mai tafiya ɓangare ɗaya: ma'aikaci ya zo da saƙo, jama'a su saurara. Abin da wannan kalma ke nema shi ne a sa al'umma cikin aikin tun daga tsara shi, a ji ra'ayinsu, a yarda su canza wani abu a cikinsa. Idan za a haƙa rijiyar burtsatse a wani ƙauye na Mirriya ko Magariya, ma'aikacin da ya fahimci aikinsa zai fara da gaishe da mai gari da liman, ya zauna da matan da su ne ke ɗiban ruwa ya tambaye su inda ya fi musu sauƙi, ya ji ta bakin makiyayan da ke ratsa wurin da dabbobi, a kuma tsayar da waɗanda za su riƙe kuɗin gyara kafin a kafa injin haƙa. Wanda ya tara mutane a gindin bishiya ya karanta musu takarda, ya ɗauki hoto, ya rubuta a rahoto cewa an yi "engagement", ya ci amanar kalmar da ta mutanen.

Maƙwabtanmu sun ga abin da rashin wannan ke jawowa. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano saboda jita-jita da rashin yarda, ba a koma ba sai a 2004, kuma a tsakanin nan cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe. Abin da ya taimaka wajen dawo da amincewa shi ne jawo sarakuna da malamai cikin aikin, har aka kai ga ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta asali a watan Agusta 2020. A ƙasar da fadar Sarkin Damagaram da masu unguwanni ke da irin ƙimar da suke da ita, mai neman wannan aiki ya shirya bayyana wa masu tantancewa yadda zai bi ta ƙofar da ta dace. A Hausa, "tafiya tare da al'umma" ko "damawa da jama'a" sun fi kusa da abin da ake nufi.

To "employee engagement" da "engagement letter" fa?

Na farko yana nufin yadda zuciyar ma'aikaci ta kama aikinsa, ko yana sa hankalinsa da ƙarfinsa ne ko kuwa jiran ƙarshen wata kawai yake yi. Wani masani ɗan Amurka, William Kahn, ya yi bincike a kan batun a 1990, kamfanin Gallup kuma ya yi suna da tambayoyi 12 da yake auna shi da su. A makaranta ma ana cewa "student engagement" da irin wannan ma'ana.

Na biyu takarda ce ta yarjejeniya wadda mai binciken kuɗi ko lauya ko mai ba da shawara ke rubuta wa wanda ya ɗauke shi, inda ake fayyace iyakar aikin da ladansa da nauyin kowa. Ba ita ce takardar da mutum ke sa hannu ya ce ya ɗauki alkawarin yin kaza ba, wadda aka saba nema a ofisoshinmu. Waccan a Ingilishi "undertaking" ce ko "letter of commitment".

A Facebook da TikTok kowa na neman "engagement". Mene ne shi, kuma yaya ake lissafa shi?

Shi ne jimlar motsin da mutane suka yi a kan abin da ka wallafa: danna alamar so, rubuta tsokaci, tura wa wasu, adanawa, latsa mahaɗi. Ya bambanta da yawan waɗanda abin ya gifta ta gabansu. Lissafin da aka fi yi shi ne a tara motsin duka, a raba da yawan mabiya ko yawan waɗanda suka gani, a ninka da 100. A ɗauka mai sayar da turaren wuta a unguwar Zango tana da mabiya 2,000, ta sa hoton sabon haɗi, mutum 60 suka danna so, 30 suka yi tsokaci, 10 suka tura gaba. Jimla 100 ke nan, wato kashi 5 cikin 100. Idan za ta kwatanta kanta da wata, sai ta tabbatar da abu ɗaya suka raba, domin lissafi da mabiya da lissafi da masu gani ba sa ba da amsa ɗaya.

Abin da ya kamata a riƙe da kyau shi ne cewa wannan ma'auni ba ya bambanta yabo da zagi. Na'urar ƙirga take yi, ba ta tambayar niyya. Taron da ke kewaye masu faɗa a kasuwar Dole ranar Alhamis yakan fi na gaban mai hatsi, amma hatsin ne mutane ke kaiwa gida. Tunda dandalin suna ɗaga abin da ya fi jawo motsi, maganar da ke tunzura mutane tana saurin yaɗuwa fiye da mai natsuwa. Kamfanin Facebook da kansa ya sanar a watan Disamba 2017 cewa zai rage yaɗa rubutun da ke roƙon a danna ko a tura, wanda ya kira "engagement bait", kuma a watan Oktoba 2021 tsohuwar ma'aikaciyarsa Frances Haugen ta shaida wa Majalisar Dattawan Amurka illar jera labarai bisa wannan ma'auni. Duk wanda ya shiga ƙarƙashin wata ƙarya ya rubuta raddi cikin fushi ya ƙara mata tafiya. Ga ƴar kasuwa kuma, mutum uku da suka tambayi farashi suka aiko kuɗi sun fi ɗari da suka danna suka wuce.

Me take nufi a labaran yaƙi da na diflomasiyya?

A bakin soja arangama ce, karo ɗaya tsakanin rundunoni biyu, galibi wanda bai kai babban yaƙi ba. "Rules of engagement" su ne ƙa'idodin da ke faɗa wa soja lokacin da ya halatta ya yi amfani da ƙarfi da iyakar da zai tsaya, kuma a nan Faransanci da Ingilishi sun dace. Sojojin Nijar da suka yi aiki a rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya a Mali, wadda ta tattara kayanta a 2023, a ƙarƙashin irin waɗannan ƙa'idodi suka yi aiki.

A diflomasiyya kuwa ma'anar ta kusan juyewa, domin tana nufin ci gaba da hulɗa da tattaunawa da wata ƙasa maimakon a juya mata baya. Sanannen misali shi ne "constructive engagement", manufar gwamnatin Ronald Reagan ta Amurka game da Afirka ta Kudu ta zamanin wariyar launin fata a shekarun 1980, wadda jami'in diflomasiyyarta Chester Crocker ya tsara, wadda kuma masu yaƙi da wariya suka soka a matsayin sassauci ga azzalumai. Mai fassara labari a gidan rediyo ya duba ko janar ne ke magana ko jakada kafin ya zaɓi tsakanin "arangama" da "tattaunawa".

Ungozoma ta rubuta "head engaged" a katin awon ciki. Akwai abin damuwa?

Babu, alama ce ta cewa kan jariri ya sauko ya shiga ƙugun uwa, yana shirin haihuwa. Ma'aikaciyar lafiya takan ɗora yatsunta biyar a ƙasan mara, saman ƙashin gaba, ta auna yawan kan da take iya taɓawa. Idan abin da ya rage a sama bai wuce faɗin yatsu biyu ba, kan ya shiga. Ga mai cikin fari wannan yakan faru makonni kaɗan kafin haihuwa, ga wadda ta taɓa haihuwa kuma yana iya jira har naƙuda ta fara. Faransanci ma wannan kalmar yake amfani da ita, don haka matan da ke awo a Damagaram su haihu a Kano ko Daura ba za su sami saɓani a katinsu ba. Duk wata tambaya game da lafiyar cikin, ungozomar ko likita za a yi wa.

A littafin mota da a wayar tarho fa?

A injin, haƙoran giya biyu ne suka sarƙe har ɗaya na juya ɗaya. Idan littafin mota ya ce giya ba ta "engage", yana nufin ba ta shiga, kishiyarta kuma "disengage". A Ingilishin Birtaniya, wanda Najeriya ta gada, layin waya da ake magana a kansa "engaged" ne, Amurkawa kuma "busy" suke cewa. A ƙofar ban-ɗakin jirgin ƙasa ko otal ma ana ganin "engaged", ma'ana akwai mutum a ciki.

Yaya ake furta ta yadda za a gane?

Gaɓoɓi uku ne, kuma a ta tsakiya ake sa nauyi: in-GEIJ-mant. Harafin "g" na farko kamar na "gida" ne, na biyu kamar "j" na "jaka", ana kuma fitar da "t" na ƙarshe, saɓanin Faransanci da ke haɗiye shi ya bi da sautin ta hanci. Wajen rubutu, a kula kada a yar da "e" da ke gaban "ment". Ana yi mata jam'i da "s" idan ana nufin alkawuran ganawa ko arangamomi, amma idan ana maganar tafiya da al'umma ko kamun zuciyar ma'aikaci, ba ta ɗaukar jam'i.